Gudawar damina a Rusairis da sirrin da ɗan alade ya tona

In ka tambayi tsohuwa a ƙauyukanmu na Sudan da ke bakin bahar, wato reshen kogin Nilu mai saukowa daga Habasha, tun daga Mai Wurno har Rusairis, 'ya'yanta nawa, lissafi biyu za ta ba ka: waɗanda ta haifa da waɗanda suka tsaya. In ka matsa mata ka ce me ya ɗauke sauran, za ta ce ƙyanda ta tafi da wane, zazzaɓi ya tafi da wance, ragowar kuwa "ciki ne", ko ta ce "haƙori ne". Cikin nan da take faɗa shi ne gudawar da ke saukowa tare da ruwan farko na damina, ta tsotse yaro cikin kwana biyu ko uku har idanunsa su zurma. Ba ta da shekarar da ake tunawa da ita kamar shekarar yunwa ko ta fara, domin kowace shekara tata ce. Shi ya sa, a ganina, aka daɗe ba a ɗauke ta cuta mai tarihi ba.

Ruwa ne ya zaunar da mu a nan, don haka daga ruwa zan fara. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har suka iso garin Shaihu Talha a bakin wannan kogi wajen 1906, daga baya suka haye suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar. Mahajjatan ƙasa kuma suka yi ta kwararowa ta Barno da Wadai da Fashir da Ubayyid, da niyyar Sawakin da Jidda. Guzuri ya ƙare a hanya, aka yada zango neman na gaba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai zango ya zama gari. Wasu suka shiga hawasha, wato gonakin Jazira, suna noma da tsinkar auduga. Wasu suka bi kogi suka yi kudu, Suki, Sinja, har Rusairis inda duwatsu ke tare jirgin ruwa, suka kama sana'ar su da noman jarfu: albasa, kuɓewa, tumatir da masara a kan lakar da kogi ke bari in ya janye.

Na Jazira galibinsu 'yan ƙodago ne, a kambo suka zauna, ƙauyen bukkoki a gefen tur'a, wato magudanar ban-ruwa, wanda babu shi a taswirar kamfanin auduga. Don auduga aka haƙa tur'a, amma ita ce kusa da baki. Babba ta ba ƙarama, ƙarama ta ba Abu Ishirin, Abu Ishirin ta ba Abu Sitta, a kowace gaɓa kuwa akwai mai wanki, mai wanka, mai shayar da jaki da mai ɗiban na sha. Ruwan ma ba gudu yake sosai ba, ana tare shi da dare a ƙananan tur'o'i a sake shi da safe. Masai babu. Bayan gari shi ne bakin tur'ar, inda ciyawa ta yi tsawo.

Mu na kudu kogi muka sha, shi kuwa halinsa biyu ne. Daga sanyi zuwa bazara yakan kwanta ya yi garau. Daga Yuli ya fara tumbatsa, Agusta ya cika ya batse, ya zo ja wur da ƙasar Habasha a cikinsa. Lakar nan arzikin jarfu ce, ba ita ke kisa ba. Mai kisan shi ne ruwan sama na farko, wanda ke wanke duk abin da gari ya ajiye a bayansa tsawon rani, ya bi kwazazzabai ya sauke a mashaya, daidai inda jakuna ke tsayawa. Zafi da danshi su haɗu, ƙuda ya yi yawa, kunun yaro ya wuni a buɗe.

Tsakanin kogi da randa akwai sana'ar da Hausawa suka riƙe a garuruwan Sudan da yawa, wato ga-ruwa. A da salka biyu ta fata ake rataya wa jaki, ɗaya kowane gefe. Daga baya karo ta zo, ganga a kan taya biyu, jaki na ja, yaro na ƙwanƙwasa ta da sanda don a san ya iso, ana sayarwa joz-joz, garwa biyu ke nan. Mai tsoron Allah cikinsu yakan kora jakinsa can ciki inda ruwa ke gudu, malalaci ya ɗiba daga baki inda ake wanki. Cikin ganga kuwa ba ya ganin wanki sai gansakuka ta toshe bututu.

Matanmu ba naɗe hannu suka yi ba. In bahar ya yi ja, sai a ɓare 'ya'yan zogale a daka, a ƙulle a tsumma a kaɗa cikin ruwan, kafin a gama dama kunu laka ta fara kwanciya. Akwai kuma wani yumɓu da ake haƙowa a bakin kogi mai irin wannan aikin, ana ce masa rawwaƙ, ga alif na kasuwa ga mai kuɗi. Wata masaniya Bajamushiya da ta yi aiki a Khartum, Samia Jahn, ta bi ƙauyukan bakin Nilu a shekarun 1970 ta rubuta dabarar, daga rubutunta ne masana ruwa na duniya suka waiwayi zogale. Da aka gwada a ɗakin bincike sai aka ga lakar, in za ta kwanta, takan ja mafi yawan ƙwayoyin cuta ƙasa tare da ita. Sai dai ba ta kashe su, in ruwan ya daɗe a ajiye sukan sake yaɗuwa. Sannan ga moɗa, wadda kowa ke tsomawa da hannunsa, babba da yaro, a ajiye ta a ƙasa, a sake ɗauka. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba a kai ta tsabta a unguwarmu. Randunanta na kan mazauni a ƙarƙashin rumfa, da ɗan kasko a ƙasa yana tarar ɗigon da ke tsatsowa ta gindin randa. Ɗigon nan shi ne ruwa mafi tsabta a gidan, yumɓu ya tace shi, amma na shayin maigida da baƙi ake ajiye shi, ruwan da dama tafasa shi za a yi. Yara na cikin randa suke sha.

Hukumar Turawa ta kula da cuta ƙwarai, sai dai da idon mai gona. A farkon ƙarnin da ya wuce suka buɗe ɗakin binciken Wellcome a Kwalejin Gordon ta Khartum a ƙarƙashin Andrew Balfour, har jirgin ruwa suka mayar ɗakin gwaji yana yawo a kogi. Suka bi sauro, suka bi ciwon barci, suka bi kala-azar, ciwon saifar nan da ya yi ƙaurin suna a yankinmu na iyakar Habasha. Da aka buɗe Jazira babban tsoronsu tsargiya ce, kada ta shiga tur'a ta nakasa ma'aikata, don haka aka riƙa tsare matafiya ana gwada fitsarinsu, 'yan ƙodagon Masar a Wadi Halfa, mutanen yamma a hanyarsu ta shiga gonaki. A rahotanninsu ɗan Takari, wato mutumin yamma irinmu, mai ɗauko cuta ne: shi ake nunawa a kan tsargiya, shi ake nunawa a kan zazzaɓin ƙwarƙwata da ya shigo Darfur a 1926. Wani zargin akwai gaskiya a ciki, tafiyar shekaru a ƙasa ba ta barin mutum lafiya. Amma jaririn da aka haifa a kambo ya rasu kafin yaye bai hana tsinkar auduga ba, bai kuma je asibiti ba, don haka bai shiga lissafin kowa ba.

Mu ma muna da namu bayanin, kuma shi ne ya fi cin rai. In yaro ya kai wata shida ko bakwai ya fara zawo, haƙori ne. A Sudan abin ya haɗu da al'adar makwabta da ake kira haifat, a tsaga dasashi a ƙwaƙulo ɗan farin abin da ake cewa shi ne cutar, alhali fiƙar yaron ce da ba ta fito ba. In uwar ta yi kwanika, to nonon ne ya ɓaci, a cire yaro nan take. In maɗigarsa ta faɗa, a shafa mata magani, ko a tura ganɗa da yatsa wai a ɗaga ta. In beli ne a kira wanzami. Mafi muni, a rage masa ruwa, wai kada a ƙara wa cikin abin zubarwa. Tsofaffin nan sun lura daidai, gudawa da haƙori lokaci ɗaya suke zuwa. Abin da ba su gani ba shi ne, a watannin nan ne yaro ke fara rarrafe yana kai duk abin da ya taɓa baki, a nan ake fara ba shi kunu da ruwan randa, a nan kuma kariyar da ya gado daga jinin uwarsa ke ƙarewa. Maɗigar da ta faɗa kuwa alama ce ta ruwan jiki ya ƙare. Jiƙon bagaruwa da suke bayarwa yana ɗan ɗaure ciki, kwalba da nono ta garin kuka da nasha mai ruwa-ruwa sun fi shi amfani, tunda ruwa ne ke shiga.

Su kansu likitocin duniya sun daɗe a duhu. A 1885 wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano wata ƙwayar cuta a kashin jarirai, wadda yau ke ɗauke da sunansa, E. coli. Da yake akwai ta a hanjin kowa, mai lafiya da marar lafiya, mutum da dabba, sai aka ɗauke ta 'yar gida marar laifi. Ko an gan ta a kashin mai gudawa, kau da kai ake yi a ci gaba da neman baƙuwa. A 1956 wani likitan Kalkata, Sambhu Nath De, ya ɗauko ta daga marasa lafiyar da ke zawo kamar na kwalara amma babu ƙwayar kwalara a jikinsu, ya ɗaure wani yanki na hanjin zomo ya zuba ta, yankin ya cika da ruwa fal. Ya rubuta, ba a kula ba.

Waɗanda suka kula likitocin dabbobi ne, dalilinsu kuwa kuɗi ne. A gonakin alade na Turai 'ya'yan alade na mutuwa da zawo a kwanakinsu na farko, wasu kuma bayan yaye, kowane ɗaya da farashinsa a littafin mai gona. A 1961 masu bincike a Danmak suka bayyana wani abu a jikin E. coli ɗin alade suka sa masa suna K88, daga baya aka gane wasu siraran gasu ne da ƙwayar ke maƙale bangon hanji da su. A 1967 Williams Smith da Sheila Halls a Ingila suka nuna ƙwayar dafi take fitarwa, dafin ne ke sa hanjin ɗan alade da ɗan maraƙi zubar da ruwa. Shekara ta zagayo suka nuna cewa iya yin dafin yana cikin wani ɗan guntun gado da ƙwaya ke iya miƙa wa 'yar'uwarta, marar laifi ta koma mai laifi. Zuwa 1970 Smith da Carlton Gyles sun raba dafin gida biyu, wanda zafi ke karyawa da wanda ko tafasa ba ta karya shi. A daidai wannan lokaci Bradley Sack ya koma kan aikin De a Kalkata a 1968 ya tabbatar da irin wannan a jikin mutane, wasu kuma suka gano E. coli ce ta kwantar da sojojin Ingila sabbin zuwa Adan, tsallaken Bahar Maliya. Hanyar da likitocin mutane suka bi, ta masu alade ce.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar takan shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da kashi ya taɓa, kuma sai ta shiga da yawa, miliyoyi, kafin ta kama babba. Ta sauka ƙaramin hanji ta maƙale da gasun nan. Ba ta huda bango, ba ta shiga jini, shi ya sa zawonta ruwa ne zalla, babu jini kamar na atini, zazzaɓi ma ba lalle ba. Dafinta, wanda ɗaya daga cikinsu ɗan'uwan dafin kwalara ne na kusa, yakan ruɗa bangon hanji ya riƙa tura gishiri waje maimakon ya tsotsa, ruwa ya bi gishiri. Kamar ƙofar tur'a ce da aka buɗe aka tafi da makulli: ruwa na ta fita, ba mai tarewa, har kwana uku zuwa biyar. Babba yana da ajiyar da zai jure. Yaro ɗan wata takwas, wanda dama kunu tsararo yake sha, ba shi da ita. Wanda ya tsira ma, in abin ya maimaita masa sau da yawa a shekara, tsawonsa da ƙibarsa su tsaya.

Maganar alade ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, ko da yake mu ba ma kusantarsa. James Bruce, da ya sauka Sinnar a 1772 zamanin sarautar Funj, ya rubuta cewa sojojin Nuba da ke zaune kewaye da birnin suna kiwon alade da yawa. Har zamaninmu mutanen duwatsun Ingasana, wajen Bau, da Uduk na wajen Kurmuk suna kiwonsa. Na sha jin ana faɗa a rumfunan shayi na kasuwa, in gudawa ta ɓarke, cewa daga wajen masu alade ruwa ya kwaso ta. Binciken da aka yi a kan aladen shi ne ya rushe wannan magana. Gasun da ƙwayar alade ke maƙalewa da su hanjin alade suka dace da shi, ba sa kama hanjin mutum. Cikin aladun ma akwai waɗanda aka haifa ba su da wurin maƙalewar K88, ba ta kama su ko kaɗan. Na maraƙi da ɗan tunkiya, K99, nasu ne, makiyayan da ke sauka dajin Rusairis da rani sun san zawon da ke kashe maraƙi a makonsa na farko. Na mutum kuma, waɗanda aka fara bayyanawa a 1975, daga mutum suke zuwa mutum. Alade na ɗauke da wasu cututtukan da ke kama ɗan Adam, ba musu, amma wannan ba ta cikinsu. Gudawar 'ya'yanmu daga bayan garinmu take, ta mashayarmu, ta moɗarmu. Abin da Bature ya yi wa ɗan Takari shi muke yi wa na kan dutse.

Magani ya zo kafin a gama fahimtar cutar. Masana sun gano bangon hanji na da wata mashiga da ke karɓar gishiri in ya zo tare da sukari, dafin kuma bai taɓa wannan mashigar ba. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a iyakar Indiya da Bangaladesh, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis ana cikin kwalara, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ganguna ana ɗura wa mutane, mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri: duk abin ke nan, akwai shi a kowane teburin mai shayi. A 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa shirin lafiya na shekara goma mai ɗauke da sunan kogin nan, hedkwatarsa a Madani, don yaƙar zazzaɓin sauro da tsargiya da gudawa. Aka rubuta gudawa kafaɗa da kafaɗa da cututtukan da ke hana aiki. Aka gyara rijiyoyi da matatun ruwa, aka raba murafun masai, aka koya wa mata dama ƙunshin gishiri da sukari. Sai dai iyakarsa Jazira da Manaƙil da Rahad, inda ake noman ban-ruwa, bai gangaro kudu ba, da kuɗin waje ya ƙare wajen 1990 kuma sai ya tsaya.

Mu a Rusairis madatsa muka samu. An gama ta a 1966, Damazin ta tashi a tsallake, daga 1971 wuta ta fara tafiya Khartum a kan turaku, ƙauyuka da unguwanni da yawa da ke jin rugugin ruwanta suka ci gaba da jiran karo. A farkon 2013 aka ƙara mata tsawon mita 10, tafki ya haɗiye jarfu da ƙauyukan sama, aka kwashe mutane zuwa sabbin garuruwa 12 da ake kira da lamba. Wanda ya saba da kogi a ƙofar gida ya koma jiran famfo, ran da injin ya tsaya kuma a koma ga kududdufi.

Daga Agusta 2016 zuwa farkon 2018 annobar amai da gudawa ta ratsa Sudan, jiharmu na cikin waɗanda ta fara bugawa, ta kama sama da mutum 36,000 ta kashe sama da 800, hukuma ta ƙi yarda a ce kwalara ce. A Satumba 2019, bayan faɗuwar Shugaba Bashir, aka fito fili aka ce kwalara ta ɓulla, Rusairis na tsakiyarta, a Oktoba aka kawo rigakafin ɗigo na mutum miliyan 1.6 a jiharmu da Sinnar. Kwalara na kashe manya a kwana ɗaya, don haka tana samun jirgi da tantuna da 'yan jarida. 'Yar'uwarta ta kowace damina ba ta samu. Babban binciken da aka buga a 2013, wanda ya bi yara a Gambiya da Mali da Kenya da Mozambik da Indiya da Pakistan da Bangaladesh, ya nuna ƙwayoyi huɗu ne ke jawo mafi yawan gudawa mai tsanani, E. coli mai dafin nan da zafi ba ya karyawa na cikinsu. Ɗaya daga cikin huɗun, rota, Sudan ta sa rigakafinta cikin na yara tun 2011. Rikicin ƙabilanci da aka yi a jiharmu a Yuli da Oktoba 2022, da ya cusa dubban mutanenmu cikin azuzuwan makarantu a tsakiyar damina, da yaƙin da ya biyo baya a 2023, sun mayar da mutane da yawa ga ruwan da kakanninsu suka sha a kambo.

Uwar alade a gonakin Turai ana yi mata allura kafin ta haihu, kariyar ta bi dakashi da nono ta shiga cikin 'ya'yanta, an kuwa yi shekara arba'in da wani abu ana haka. Dakashin nan shi ne wanda ungozomominmu suka daɗe suna matsewa suna zubarwa, a ba jariri ruwan randa kafin nono ya yi fari. Rigakafin E. coli mai dafi na ɗan Adam kuwa har yau bai fito kasuwa ba. Nau'o'in gasun da ƙwayar mutum ke maƙalewa da su sun haura 20, rigakafi ɗaya bai rufe su duka ba, wanda ya fi nisa cikin masu neman fitowa an gwada shi a kan yara a Bangaladesh da Zambiya da Gambiya, da kuma matafiya 'yan Finlan da aka kai Jamhuriyar Benin.